Makaɗi da Ubangidansa: Sonatocin Dusek

Mutanen Kongolam da na sauran garuruwan ƙasar Daura ba baƙin kiɗa ba ne. Duk wanda ya taɓa zuwa birnin Daura ran hawan Salla, ko lokacin Gani, ya ji tambari da kakaki da algaita a ƙofar fada, ya kuwa ga yadda makaɗa ke ɗaga murya in Sarki ya fito. Amma ko da ya ke kowa na son kiɗa, akwai wata magana da a kan yi game da masu yinsa, watau wai bakin makaɗi hannun mai kyauta ya ke bi. In riga ta fito, yabo ya fito. In hannu ya bushe, ganga ta koma wani gida. Saboda haka ne mutane da yawa ba su bambanta makaɗi da maroƙi.

Wannan zargi ba a ƙasar Hausa kaɗai a ke yinsa ba. A Turai ma, shekara 200 da 'yan kai da suka wuce, yawancin makaɗa barorin sarakuna ne da attajirai, a gidajensu su ke ci, don su su ke kiɗa. To, ta yaya za a rarrabe kiɗan da aka yi don ciki da wanda aka yi don zuciya? Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. In ana so a auna makaɗi, sai a dubi abin da ya yi ran da ubangidansa ya faɗi, babu sauran doki ko riga da zai sa wa rai. Akwai wani makaɗi na ƙasar Cek, Yan Ladislab Dusek, wanda Turawa ke rubuta sunansa Dussek. Ayyukansa sun dace da wannan awo ƙwarai, domin ya yi kiɗa don kasuwa, ya kuma yi don ubangidan da ya mutu, duka kuwa suna nan a rubuce, ana iya jera su a gwada.

An haifi Dusek ran 12 ga Fabrairu 1760 a wani gari wai shi Caslab, cikin ƙasar Bohimiya, wadda yanzu ke cikin Jamhuriyar Cek. Kiɗa gadonsa ne, gama ubansa malamin makaranta ne, shi ke kuma yin kiɗa a majami'ar garin. A wancan zamani makaɗan Bohimiya sun yi yawa har sun fi ƙarfin aikin da ke gida, sai su kan fita ci-rani zuwa fadodin waɗansu ƙasashe, da yawansu kuwa can su ke tsufa. Mutanen bakin iyaka sun san irin wannan tafiya. Dusek ya bar gida yana da shekara 19, ya zaga Holan da Jamus da Rasha, ya zauna Faris, inda ya yi kiɗa gaban Sarauniya Mari Antuwanet. A 1789, shekarar da juyin mulkin Faransa ya ɓarke, ya haye zuwa Landan, ya yi shekara 10 a can.

Abin kiɗansa shi ne piyano. Wani babban akwati ne na katako, an ɗaure wayoyi a cikinsa, waɗansu gajeru masu siririyar murya, waɗansu dogaye masu kauri. A gabansa akwai madannai farare da baƙaƙe a jere. In aka danna ɗaya, sai wata 'yar guduma ta daki wayarta, murya ta fito, da ƙarfi ko a hankali, gwargwadon yadda yatsa ya sauka. Da ya ke yatsu goma ke aiki, mutum ɗaya na iya zama uban kiɗi da hannun dama, ya zama 'yan amshi da hagun. Sa'ad da Dusek ya isa Landan, piyano madanni 61 gare shi. Shi ne ya matsa wa masu ƙera shi na kamfanin Broadwood har suka ƙara ya kai 68, a 1794 kuma ya kai 73. Na yanzu 88 gare shi. An ce kuma shi ya fara juya piyano a gicciye bisa dandali don masu kallo su riƙa ganin gefen fuskarsa, gama kyakkyawa ne a ƙuruciyarsa, ya kuwa san haka.

Sonata kuwa suna ne na wani irin dogon kiɗa wanda babu waƙa a cikinsa. A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Kalangu ma ya kan yi kiɗa ba tare da baki ba, amma kalangu magana ya ke yi. Yana bin hawa da saukar muryar Hausa, har wanda ya san taken wani sarki ko wani ɗan dambe ya ji kalmomin a kunnensa ko ba a furta su ba. Sonata ba ta da kalmomin da ke ɓoye a bayanta. Abin da ta ke da shi tsari ne. A kan raba ta kashi biyu, ko uku, ko huɗu, wani mai sauri, wani mai tafiyar hawainiya. A kashi na farko makaɗi ya kan kawo kari ɗaya, ya biyo da wani mai hali dabam, sa'an nan ya gutsuttsura su, ya gwama su, ya kai su nesa da inda suka taso, daga baya ya komo da su gida. Mai sauraro na bin su kamar yadda a ke bin mutum biyu cikin labari. Akwai kuma hanya biyu ta jera muryoyi, ɗaya Turawa na jin ta da haske da fara'a, ɗaya da duhu da juyayi. Da waɗannan 'yan kaya kaɗai makaɗi zai faɗi duk abin da ke ransa. Dusek ya bar sonatoci fiye da 30 na piyano shi kaɗai, ban da waɗanda a ke haɗawa da goge ko sarewa.

Sai a fara da na kasuwa. A Landan attajirai sun shiga sayen piyano suna ajiyewa a gida don 'ya'yansu mata su koya, aka shiga neman kiɗa mai sauƙi wanda yarinya za ta kaɗa gaban baƙi ba ta ji kunya ba. Dusek ya cika musu kwando. Yawancin waɗannan ayyuka santsi gare su, ba su da aibin da za a nuna, amma in an gama ji babu abin da ke zama a rai. Akwai ma waɗanda suka fi su bin kasuwa. Da aka kashe Mari Antuwanet a watan Oktoba 1793, ya fitar da wani kiɗa na wahalolinta, ya rubuta bisa ko wane gutsure abin da ya ke nufi: nan tana kurkuku, nan an raba ta da 'ya'yanta, nan wuƙa ta sauko. A 1797 ya yi wani game da yaƙin jiragen ruwa tsakanin Ingila da Holan, har da kwaikwayon ƙarar igwa. Irin wannan kiɗa kamar hoton da aka rubuta wa suna a ƙasa ne don kada a ɗauki doki jaki. In aka rufe rubutun, mai sauraro ba zai san ko kukan sarauniya a ke yi ba, ko hadari ne ya taso.

Amma cikin shekarun nan na Landan ya yi waɗansu don gwanaye. Mafi ƙarfinsu ita ce ta uku cikin sonatoci uku masu lamba 35, na 1797. Tana tashi da zafi tun daga bugun farko, hannun hagu na gurnani, na dama na tsalle. Masana kan gwada ta da wata shahararriyar sonata ta Betoben wadda ta fito bayanta da shekara biyu, domin hanyar muryoyinsu ɗaya ce, fushinsu kuma ya yi kama. Wannan ya nuna mutumin yana da abin faɗi in ya ga dama.

A 1792 ya auri Sofiya Kori, mawaƙiya, ya shiga cinikin buga takardun kiɗa tare da surukinsa. A wannan shekara ce babban makaɗi Haidin ya rubuta wa uban Dusek takarda yana yabon ɗansa da gwaninta da kirki. Ciniki bai yi albarka ba, bashi ya taru. A ƙarshen 1799 Dusek ya sulale zuwa Hambug, ya bar surukinsa aka jefa shi kurkuku saboda bashin, ya bar matarsa da 'yarsa ƙarama, bai sake ganinsu ba. A 1800 sai ga sonata mai lamba 44 ta fito, sunanta Ban Kwana.

Ban Kwana aiki ne babba, kashi huɗu. Tana buɗewa da nauyi, a hankali, cikin duhu, kamar mai tsaye bakin ƙofa ya kasa ɗaga ƙafa, sa'an nan ta warware ta shiga gudu. Kashi na biyu, mai tafiyar hawainiya, yana daga cikin mafi kyawun abin da ya rubuta: piyano na rera kari kamar da maƙogwaro, muryoyin ƙasa na sauyawa ƙarƙashinsa ta inda kunne bai zata ba. Kashi na ƙarshe ne bai kai sauran nauyi ba, ya yi tsawo, yana ta komowa kan kari ɗaya mai fara'a, kamar baƙon da ya yi sallama sau uku bai tafi ba. Akwai kuma abin da ba za a ɓoye ba. Mai sauraron da ya san labarin zai ji baƙin cikin mai tafiya ne a ciki, ba a jin na waɗanda aka bari. Daɗin kiɗan bai fitar da tsoho daga kurkuku ba, bai kuwa kamata ya sa a manta da shi ba.

A 1804, watau shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, Dusek ya sami ubangidan da ya dace da shi. Shi ne Yarima Luwi Fardinan na gidan sarautar Furusiya, a ƙasar Jamus. Yariman soja ne, amma shi kansa gwanin piyano ne, yana kuma tsara kiɗa, har Betoben ya sadaukar masa da ɗaya daga cikin manyan ayyukansa. Zamansu ya wuce na bara da ubangida. Tare su ke kiɗa, tare su ke shagali, Dusek na gyara masa abin da ya rubuta, yana bin sa har sansanin soja. Shekara biyu ke nan suka yi. Ran 10 ga Oktoba 1806, rundunar Nafoliyon ta gamu da ta yariman a Salfeld, aka kashe shi a fagen fama yana da shekara 33. Bayan kwana huɗu aka ragargaza rundunar Furusiya a Yena. Miya ta ƙare ke nan.

Abin da Dusek ya yi sai ya rubuta sonata mai lamba 61, ya sa mata suna Makoki, da sunan yariman a kanta. Ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta. Kashi biyu kaɗai gare ta, ba ta fi kwata ɗaya na sa'a da kaɗan ba. Abu na farko da za a lura da shi shi ne abin da ya ƙi sawa. Mutumin da ya kwaikwayi igwa don a sayi takarda a Landan, ga shi yanzu yana makokin sojan da aka kashe a yaƙi na gaske, amma babu igwa, babu ƙaho, babu kiɗan rakiyar gawa. Betoben a 1801 ya sa kiɗan jana'izar jarumi cikin wata sonatarsa, har da kwaikwayon gangar soja, alhali kuwa bai ambaci wani jarumi da suna ba. Dusek da ya ke da gawa a gabansa bai bi wannan hanya ba. Bai kuma rubuta bayani bisa gutsattsarin ba kamar yadda ya yi wa sarauniya.

Tana farawa a hankali ƙwarai, da muryoyin ƙasa, da 'yan muryoyin da ya aro daga wani kiɗan juyayi na Haidin. A nan ya rubuta wa mai kaɗawa gargaɗi, kada ya ƙara wani ado. Wannan ba ƙaramin abu ba ne daga mutumin da ado ya zama masa jiki. Kari ya kan taso ya yi taku biyu ko uku ya tsaya, a yi shiru, ya sake tasowa ta wani wuri, kamar wanda aka aiko ya faɗi mutuwa ya rasa ta inda zai fara. Daga nan sai kiɗan ya shiga rawar jiki. Ba gudu ya ke yi sosai ba, amma ba ya samun wurin zama. Lokaci lokaci wani kari mai taushi ya kan leƙo ta hanyar haske, kamar tunawa da zaman da aka yi, kafin a more shi duhu ya rufe shi.

Kashi na biyu ya fi ban mamaki. Bisa al'ada, sonata ta kan ƙare da abin da zai saki ran mai sauraro ya tafi gida da fara'a. Wannan kuwa sauri gare ta da wuta, amma kusan daga farko har ƙarshe hannu biyu ba su sauka tare. Hagun na riƙe da taki, dama na zuwa a makare, tana faɗawa tsakanin bugu da bugu. Duk wanda ya taɓa jin mai shessheƙa yana ƙoƙarin magana, numfashi na katse masa kalma, ya san wannan tafiya. A tsakiya akwai ɗan wuri mai sanyi inda hankali ke kwantawa, sa'an nan shessheƙar ta komo, kiɗan ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Ba a kai mai sauraro ga haƙuri ba, an bar shi inda mai makokin ya ke. A nan ne a ke gane cewa kiɗa marar kalmomi na iya ɗaukar abin da ke zuciya. Ko an rufe sunan da ke kan takardar, ba mai jin wannan ya ɗauka biki a ke yi.

Mai gardama na iya cewa, ai ba a banza ya yi ba. Gaskiya ne an buga sonatar an sayar, ya kuma sadaukar da ita ga wani basarake mai rai, Yarima Lobkowiz, wanda ya shahara da riƙon makaɗa. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya. Wannan magana tana da ƙarfi, ba a kuwa musun cewa Dusek na neman inda zai sa kansa. Amma shaidar tana cikin kiɗan. Wanda ke neman kasuwa da sabon ubangida zai kawo abin da zai nuna gwanintar yatsunsa, mai daɗin ji, mai ƙarewa da amo don a tafa masa. Wannan kuwa wuyar kaɗawa gare ta, ba ta yi wa 'yan koyo, ba ta kuma ba da wurin tafi. Sunan da ke bangon takarda na mai rai ne, abin da ke ciki na mamaci ne.

Bayan wannan, a 1807, ya koma Faris ya shiga hidimar Taleran, babban ɗan siyasar Faransa, watau ƙasar da sojanta suka kashe abokinsa. Ciki ba ya jiran makoki ya ƙare. Can ya fitar da sonata mai lamba 64, Komawa Faris, doguwa, mai yalwar ado, mai wuya ƙwarai. A Ingila an sayar da ita da wani suna na gasa, don a nuna ta fi ta wani makaɗi wuya. Akwai wurare masu kyau a cikinta, musamman kashi mai tafiyar hawainiya, amma sau da yawa yatsu ke magana. Ta ƙarshe ita ce mai lamba 77, Roƙo, ta 1812. Lokacin nan jiki ya yi masa nauyi, ciwo da shaye-shaye sun kama shi. A cikinta ya komo ga muryar Makoki, amma da natsuwa. A kashi na biyu hannu ɗaya ke fara kari, ɗaya ya bi sawunsa da kari ɗin nan dai a baya kaɗan, ba ya cim masa, ba ya kuwa rabuwa da shi. Dusek ya rasu ran 20 ga Maris 1812 a ƙasar Faransa, yana da shekara 52.

In aka tara ayyukan nan duka, ina matsayinsa? Bai kai Betoben ba, dalilin kuwa a fili ya ke. Betoben ya kan ɗauki ɗan guntun kari na murya huɗu ya gina soro da shi, ko wane tubali na ɗauke da na bisansa. Dusek mai yalwar hannu ne, kari na zuwa masa da sauƙi, sai ya yi ta shimfiɗa su, wani lokaci ɗinkin da ke tsakaninsu ya yi sako-sako. Ya kan maimaita abin da ya riga ya faɗi, ya kan cika wuri da gudun yatsu. Amma ta wajen sa piyano ya yi waƙa, da sauya muryoyi ta hanyar da ba a saba ba, ya riga zamaninsa. Abubuwa da yawa da a ke yabon Shubat da Shofan da su, waɗanda suka zo bayansa, ana jin ƙamshinsu a sonatocinsa. Bayan mutuwarsa an yi shekaru da yawa ba a kula da manyan ayyukansa ba, sai ƙananan da a ke koya wa yara. Abin da ya cece shi rubutu ne. Da ya ke ko wace murya tana kan takarda, gwanayen baya sun buɗe sun kaɗa, an ɗauka a faifai, yanzu kuwa mai wayar hannu a Kongolam na iya nemo Makoki ya saurara ya yanke nasa hukunci.

Ƙasar Daura ma tana da nata misali na wannan zama tsakanin makaɗi da basarake. Alhaji Mamman Shata mutumin Musawa ne, ba kuwa makaɗin fada ba ne, ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi waƙa, ya karɓi kyautarsu bai ɓoye ba. Amma abin da ke tsakaninsa da Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar ya wuce kyauta, har da ya rasu a 1999 a Daura aka binne shi. Wanda ya ce makaɗi ba ya cin abincin ubangida bai faɗi gaskiya ba, Dusek ya ci, Shata ya ci. Kuskuren da a kan yi shi ne a ɗauka wanda ya ci ba ya ƙauna. Saboda haka in za a yi wa makaɗi shari'a, kada a tsaya ga lissafin rigunan da ya karɓa. A jera ayyukansa, a ware na kasuwa gefe ɗaya, a nemi wanda ya yi sa'ad da ba shi da abin samu, a saurare shi da kyau, sa'an nan a faɗi ko shi wane ne.